Yadda Ake Shirya Wasan Makbet da Ɗalibai a Damagaram Har Ɓarnar Son Mulki Ta Fito Fili

Mutanen Damagaram ba baƙin wasan kwaikwayo ba ne, domin sun tashi da wasan kara, sun kuma sha kallon teyatur na su Yazi Dogo a dandali da talabijin. Sai dai yawancin abin da suka saba kallo na raha ne, saboda haka da zarar ɗan wasa ya fito da takobi a rataye yana taƙama, bakin ƴan kallo ya riga ya shirya dariya. Wasan Makbet kuwa, wanda Wiliyam Shekisfiya ya rubuta wajen shekarar 1606, labarin jarumi ne wanda son mulki ya cinye shi tun yana raye, kuma in aka bar dariya ta shiga inda bai kamata ba, aikin watanni zai tashi a banza. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na bi da ɗaliban lise, har da wuraren da na yi tuntuɓe, ko malamin da zai gwada bayana ya sami sauƙi.

Kafin a raba wa kowa wanda zai fito a matsayinsa, malami ya zaunar da ɗalibai ya ba su labarin da baki tun daga farko har ƙarshe, ba tare da littafi a hannu ba. Makbet babban mayaƙi ne na Sarki Dankan na ƙasar Sikotilan, kuma ɗan uwansa ne na jini. Yana dawowa daga yaƙi tare da abokinsa Banko sai suka haɗu da wasu mata uku masu duba, suka gaishe shi da sarautar da yake riƙe da ita, suka gaishe shi da sarautar Kodo wadda bai san an ba shi ba, sannan suka ce zai zama sarki, Banko kuwa ba zai yi sarauta ba amma zuriyarsa za su yi. Ba a jima ba manzannin sarki suka iso da labarin naɗinsa a Kodo. Ya rubuta wa matarsa wasiƙa, sarki ya sauka a gidansu a Inbanes, suka kashe shi yana barci, ƴaƴan sarki biyu suka gudu, Malkam ya nufi Ingila, Donalben ya nufi Ayalan, Makbet ya hau gado. Daga nan ya sa aka kashe Banko, ya sa aka hallaka matar wani hakimi mai suna Makdaf da ƴaƴansa, matar Makbet kuwa ta zautu ta rasu, a ƙarshe Makdaf ya sare kansa, Malkam ya karɓi gadon ubansa.

Yana da amfani a gaya wa ɗalibai cewa an yi Makbet na gaskiya, wanda ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, kuma a fagen fama Dankan ya mutu, ba a kan shimfiɗa ba. Shekisfiya ya ɗauko labarin daga littafin tarihi na Holinshed, ya sauya shi da gangan, ya mayar da kisan na baƙo mai barci a gidan mai masaukinsa. Ya kuma wanke Banko, wanda a littafin tarihin yana cikin masu ƙulla makircin, kasancewar Sarki Jemis da ya hau gadon Ingila a 1603 mutumin Sikotilan ne da ake danganta shi da zuriyar Banko. Ɗalibin da ya san haka zai gane cewa cin amanar da ke tsakiyar wasan marubuci ne ya dasa ta da hannunsa, don haka a kanta ya kamata a jingina komai.

Shawarata ita ce a bar labarin a Sikotilan. Za a sami ɗalibin da zai ce a mayar da shi fadar Damagaram, a sa kakaki da algaita da dogarai masu jajayen riguna, kuma lalle hakan zai ƙayatar. Amma da zarar an yi haka, ƴan kallo za su bar sauraron wasa su shiga lissafin wane sarki ake nufi da kuma wane gida ake yi wa habaici, alhali ba a nufin kowa. Wanda yake son tarihin garin nan a dandali yana da wasan da Andre Salifu ya rubuta a kan Sarki Tanimun. Abin da za a ara daga fada shi ne kalmomi kawai, irin su sarkin yaƙi, hakimi, yarima, naɗi, mubaya'a da ranka ya daɗe, domin kunnen mai sauraro ya san nauyin kowace ɗaya.

Game da harshe, littafin da zai shigo hannun malami a nan ko dai na Faransanci ne ko na Ingilishi, kuma kuskure ne a zauna ana juya shi layi bayan layi. Wasan yana da kashi biyar, kuma shi ne mafi gajarta a cikin wasannin ban tausayi na Shekisfiya, amma duk da haka ya fi kyau a rage shi ya dawo kamar awa ɗaya da rabi. Malami ya ɗauki fitowa guda, ya bayyana wa ɗalibai abin da kowane mutum yake so a cikinta da abin da yake tsoro, ya bar su su faɗe shi da Hausarsu, sannan a rubuta abin da ya zauna daidai a bakinsu. Wuraren da Makbet yake magana shi kaɗai su ne ba za a bar wa ƙirƙirar nan take ba. Waɗannan a zauna a rubuta su da natsuwa, a haddace su kalma bayan kalma.

A nan ne za a ci karo da tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato da wace kalma za a kira ciwon Makbet. Buri shi kaɗai ba aibu ba ne a wurin Bahaushe, don kuwa uba yana yi wa ɗansa addu'ar Allah ya cika masa burinsa. Kwaɗayi ya yi ƙanƙanta, ya fi dacewa da mai leƙen tukunyar wani, ko da yake karin maganar da ke cewa kwaɗayi mabuɗin wahala tana da wurin zama a bakin wani dattijo a cikin wasan. Haɗama ta fi kusa da dukiya. Ni na zaɓi a riƙa cewa son mulki in ana maganarsa daga waje, shi kuwa in yana magana da kansa ya ce dogon buri. A kashi na ɗaya, fitowa ta bakwai, Makbet da bakinsa yana lissafa dalilan da suka hana shi taɓa Dankan: ɗan uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne da ya kamata ya tsare masa ƙofa, kuma sarki ne mai tawali'u da adalci. Sai ya ce ba shi da wani ƙaimi da zai zaburar da niyyarsa in ban da buri mai tsalle, irin na mahayin da ya zabura zai hau doki ya wuce sirdi ya faɗi ta ɗaya gefen. Ɗan Damagaram da ya taɓa tsayawa kallon hawan salla ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan misali. A sa ɗan wasa ya faɗi waɗannan kalmomi a hankali, yana ƙirga dalilan da yatsunsa, domin ƴan kallo su shaida cewa mutumin nan ya san abin da zai yi haramun ne tun kafin ya yi shi.

Tarko na farko da malami zai kauce masa shi ne ɗora laifi a kan matan nan uku. Kada a kira su mayu, domin maye a fahimtar mutanenmu kurwa yake kamawa, wanda aka kama kuwa ba shi da zaɓi. Kada kuma a yi masu shigar ƴan bori, don wannan zai kai tunanin ƴan kallo wani wuri dabam. A kira su masu duba ko matsafa, a sa masu tsummokara, a bar su su yi magana a sanyaye. Abin lura shi ne babu inda suka ce wa Makbet ya kashe kowa. Sun faɗi magana suka ɓace, shi ne tunanin kisa ya faɗo masa har gashin kansa ya miƙe, ya kuma lallashi kansa da cewa in rabo ne zai zo ba sai ya motsa ba. Banko ya ji irin abin da ya ji, ya gargaɗe shi cewa ma'aikatan duhu sukan faɗi ƙaramar gaskiya don su ja mutum zuwa babbar halaka, bai kuma ɗaga wa kowa hannu ba. Saboda haka a tsayar da su biyun kafaɗa da kafaɗa a wannan fitowa, a zaɓi ɗalibai masu kusan tsawo ɗaya, domin a ga cewa magana guda ce ta shiga kunnuwa biyu ta haifar da abu biyu. Sai a kula da fitowa ta huɗu a kashi na ɗaya, inda Dankan ya ayyana ɗansa Malkam a matsayin magajinsa. A nan Makbet ya daina jiran rabo, don haka fuskarsa ta kasance tana kallon ƴan kallo lokacin da sauran fadawa ke murna.

Tarko na biyu ya fi wannan zurfi, kuma ni kaina na faɗa cikinsa. A makonnin farko na bar ɗalibar da ta fito a matsayin matar Makbet tana ɗaga murya tana nuna shi da yatsa, shi kuma yana sunkuyar da kai. Ranar da muka gwada a gaban ƴan wani aji, muna gamawa wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai shi ba shi da laifi, matarsa ce ta kai shi ta baro." Na tambaye shi wa ya rubuta wasiƙar da ta fara sanar da ita zancen, wa ya sa aka kashe Banko ba tare da ta sani ba, wa kuma ya aika a yanka yaran Makdaf. Ya yi shiru, amma ni na gane cewa laifin nawa ne, domin abin da na nuna masa ke nan. Mun koma mun gyara. Matar Makbet tana son mijinta, shi ma yana kiranta abokiyar ɗaukakarsa, kuma makamin da ta yi amfani da shi a kansa shi ne gorin mazantaka, wanda a sanyaye ya fi ciwo. Ita ce kuma ta ce da Dankan bai yi kama da mahaifinta ba yana barci, da ita za ta yi aikin da kanta. A bar wannan magana ta fito sosai, don ita ce tsaguwar farko a jikin bangon da zai rushe a kashi na biyar.

Yanzu sai ainihin aikin, wanda shi ne nuna ɓarnar. Mafi yawan ɗalibai suna ɗauka cewa sakamakon Makbet shi ne sare kansa da aka yi a ƙarshe, alhali kafin takobin Makdaf ya iso gare shi babu abin da ya rage masa da za a ƙwace. Aikin mai shirya wasa shi ne ya bi abubuwan da ya rasa ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowanne alamar da ido zai gani ko kunne zai ji.

Abu na farko da ya kuɓuce masa shi ne addu'a. Ba a nuna kisan Dankan a dandali, kuma kada malami ya yarda a ƙara shi, ko da ɗalibai sun nace. Makbet yana fitowa ne da wuƙaƙe biyu a hannu, yana gaya wa matarsa cewa ya ji wasu mutum biyu sun farka suna addu'a, ɗaya ya nemi albarkar Allah, ɗaya ya ce amin, shi kuwa amin ta maƙale masa a maƙogwaro. A garin da ko yaro ƙarami ya ji an yi addu'a zai shafa ya ce amin, babu wurin da ya kai wannan tsuma zuciya. Na sa ɗan wasanmu ya ɗaga tafin hannunsa kamar zai shafa, ya ga jini, ya sauke su. Ba a ji ko tari ba a filin lakwal a wannan lokaci. Nan take kuma barci ya bi bayan addu'a, domin ya ce ya ji murya tana shelar cewa Makbet ya kashe barci, ba zai ƙara runtsawa ba. Daga wannan fitowa har ƙarshe kada a ƙara ganinsa a zaune cikin natsuwa, ko a kan karaga yake ya zauna a bakin-baki kamar mai shirin tashi.

A wannan fitowa ce maganar ruwa take shigowa, kuma mutumin Damagaram ya san darajar ruwa fiye da mutanen garuruwa da yawa. Makbet yana cewa duk ruwan teku ba zai wanke hannunsa ba, sai dai hannun ya rina tekun ya koma ja, matarsa kuwa tana cewa ɗan ruwa kaɗan ya isa ya raba su da wannan aiki. A ba ta buta ta zuba masa ruwa a hannu da ƙarfin hali. A ajiye butar nan, kada a canza ta, domin a kashi na biyar, lokacin da take yawo cikin barci da fitila, likita da baiwarta suna kallonta daga gefe, ita ce za ta riƙe, amma babu ko ɗigo a cikinta. Za ta karkata ta, ta murza hannuwa, ta shinshina, ta ce har yanzu akwai ƙarnin jini, duk turaren ƙasar Larabawa ba zai ƙamsasa wannan ɗan hannu ba. Ƴan kallo za su tuna butar ba sai an tuna masu ba. Don jinin kuwa, jan garura da aka dama da ɗan koko ya fi zoɓo kama hannu, kuma ana ganinsa daga nesa.

Bayan barci sai aboki. Makbet ya sami gadon da yake nema, amma tunanin cewa ƴaƴan Banko ne za su gaje shi ya hana shi sakat, sai ya yi hayar makasa. Banko ya mutu, ɗansa Filiyans ya tsere. A wurin walimar da fatalwar Banko ta zauna a kujerar sarki ne dariya ta fi barazana, saboda haka kada a shafa wa kowa farar ƙasa ko a lulluɓe shi da farin zane. Ɗan wasan da ya fito a Banko ya shigo da tufafin da aka san shi da su, da jini a goshi, ya zauna shiru, sauran baƙi kuma a horar da su kada ko ɗaya ya kai idonsa wurin. A ƙarshen wannan fitowa Makbet yana faɗin abu biyu da bai kamata a yanke ba, cewa babu gidan hakimin da bai ajiye ɗan leƙen asiri a ciki ba, da kuma cewa ya yi nisa cikin kogin jini har komawa baya ta zama daidai da ƙarasa ƙetarewa.

Rabuwarsa da matarsa ba a faɗe ta da baki ba, don haka da tazara za a nuna ta. A kashi na ɗaya su tsaya kusa har rigunansu na taɓa juna. A kashi na uku, inda ta tambaye shi abin da yake shiryawa ya ce ta zauna cikin rashin sani har sai an gama, a sa taku uku ko huɗu a tsakaninsu. Bayan walima ba su ƙara haɗuwa a dandali ba, kuma haka marubucin ya tsara.

Kisan iyalan Makdaf shi ne inda son mulki ya zama zalunci tsagwaronsa, domin mace da yara ba su tsare wa Makbet hanyar komai ba. Ya koma wurin masu duba da ƙafarsa, an ce masa ya yi hattara da Makdaf, an ce babu wanda mace ta haifa da zai cuce shi, an kuma ce ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Barnam ya taso zuwa tudun Dansinen. Da ya ji Makdaf ya tsere Ingila sai ya huce a kan gidansa. A nemi yaro ƙarami mai wayon magana daga ƙannen ɗalibai, da izinin iyayensa, a bar hirarsa da uwarsa ta ɗan ba da dariya kamar yadda aka rubuta ta, domin dariyar nan ce za ta sa shigowar makasa ta yi nauyi. Haka nan fitowar mai gadin ƙofa da ke biye da kisan Dankan, a bar mutane su dara a nan su sauke numfashi. Bugun ƙofar da ke tashinsa kuwa, taɓarya a cikin turmi daga bayan labule ta fi ƙofar kwano ba da sauti mai shiga ƙirji.

Sauran kayan wasa ba su da tsada. Takubba na kara ne, kuma yaran garin nan ba sai an koya masu sarrafa kara ba. Dajin Barnam rassan bedi ne da mayaƙan Malkam za su riƙe a gabansu suna matsowa sannu a hankali daga bayan ƴan kallo. A fara gwaji da hunturu, a yi wasan kafin zafin bazara da shirin jarrabawa su sha kan ɗalibai, a kuma tanadi fitilu masu batir ko da wuta za ta ɗauke.

A kashi na biyar ɗan wasa zai so ya yi ta ruri kamar zaki, sai malami ya riƙe shi. Makbet a nan mutum ne da ya gaji. Yana cewa girma da ƙauna da biyayya da tarin abokai, waɗanda suka kamaci mai shekaru, shi kam kada ya sa rai da su, abin da ya rage masa sai tsinuwa a ɓoye da girmamawar fatar baki. Da ya ji kukan mata daga cikin gida sai ya ce ya kusa mance ɗanɗanon tsoro, da aka ce masa sarauniya ta rasu kuwa bai zubar da hawaye ba, sai ya shiga cewa gobe da gobe da gobe suna rarrafowa har ƙarshen zamani, rayuwa inuwa ce mai tafiya, labari ne da wawa ya bayar, cike da hayaniya, babu ma'ana a cikinsa. A faɗi wannan a zaune a ƙasa, da murya ƙasa-ƙasa, rawanin sarauta a ajiye a gefe. Wannan ne karo na farko da za a ga ya zauna sosai tun daren Inbanes.

Faɗan ƙarshe a gajarta shi. Makdaf zai gaya masa cewa shi ba haihuwarsa aka yi ba, farka cikin mahaifiyarsa aka yi aka ciro shi kafin lokaci, kuma a ba Makbet daƙiƙa biyar cikakku yana tsaye shiru kafin ya ɗaga takobi. Su fita suna sara, a ƙarasa a bayan labule. Maimakon a ƙera kan mutum da ƙwarya, wanda babu makawa zai jawo dariya, Makdaf ya dawo da rawanin da rigar yaƙin Makbet a hannu ya ajiye su a gaban Malkam. Ƴan kallo za su so su yi tafi a nan, amma a gaya wa mai ganga ya jinkirta har Malkam ya gama maganarsa, mayaƙa su fita ɗaya bayan ɗaya, a bar fitila guda tana haska butar da aka ajiye a gefen dandali, sannan a kashe ta.